Ramuka Huɗu da Ƙwan Zabin Unguwa

Na san abin da kuke faɗa wa 'ya'yanku in kun taru a gidan nan da Sallah, kuna zaton gyangyaɗi nake yi a kan kujera. Kuna ce musu kakansu ya taɓa dafa ƙwan unguwa gaba ɗaya a cikin firji, shi ya sa har yau a Kiyawa in ka ce wa ɗan acaɓa ya kai ka gidan Alhaji Sabo sai ya tsaya tambayar wane Sabon, amma in ka ce gidan Dafaduka ba sai ka yi kwatance ba. Ban taɓa musa muku ba. To yanzu shekaru sun ja, wanda nake yi wa kara kuma ya riga mu gidan gaskiya, saboda haka ga yadda abin ya faru daga bakin mai ita.

Shekarar da na yi ritaya ce. Na ƙare rayuwar aikina a Dutse, a sashen gyaran injinan ruwa, ina bin ƙauyuka ina duba famfunan burtsatse masu aiki da sola. A 'yan shekarun ƙarshe aka fara kawo mana wasu ƙananan alluna koraye da ba su kai tafin hannu ba, a tsakiyar kowanne akwai wata 'yar baƙar ƙwaƙwalwa kamar farcen babban yatsa. Mu a wurin aiki bod muke ce musu. Sai ka jona shi da kwamfuta ka rubuta masa umarni, ka ce in tanki ya cika kashe famfo, in ruwa ya yi ƙasa kunna, shi ke nan ya kama aiki, ba ya gajiya, ba ya neman izinin zuwa biki. Tsofaffin abokan aikina suka guje shi kamar sun ga maciji. Ni kuwa sai ya shiga raina. Da aka sallame ni, wani ɗan kwangila ya ce in zo in riƙe masa ayyukansa na Ringim, na ce ya ba ni damina ɗaya tukuna. Na tattaro kayana na dawo gida da bod guda ɗaya da na saya da aljihuna, da wani tunani da ban faɗa wa kowa ba.

Ummanku tana kiwon zabi tun kafin a haifi babbanku. Kun san halin zabuwa, ta iya zuba ƙwai amma ba ta iya kwanci ba, sai an nemi kaza an sa mata. Kaza kuwa 'yan kaɗan take rufewa, sauran sai a kai tasha a dafa wa matafiya. Na daɗe ina kallon wannan asarar. Wata safiya tana watsa musu dawa, na gyara murya na ce mata zan haɗa injin ƙyanƙyasa.

"Alhaji," ta ce, ba ta ko juyo ba, "hutu aka ce an ba ka."

"Ai wannan ne hutun."

"To Allah ya sa mu ma mu huta."

Na samo tsohon firji a wurin wani mai gyara, na kafa shi a zaure. Na sa masa ƙwan fitilar mota guda biyu a ciki don su ba da ɗumi, na ɗora farantin sola a kan rufi, na aje batir a gefe. Bod shi ne zai zama mai gadi: in zafi ya yi ƙasa ya kunna fitilu, in ya kai ya kashe. A nan na ci karo da matsalar da duk ta jawo labarin nan. Bod ɗina rami ɗaya gare shi, irin ramin nan da kuke soka caja, wanda ake ce wa USB. Ni kuwa abu uku nake son in soka: ma'aunin zafi, wanda shi ne idon bod a cikin firjin, da 'yar fanka da za ta riƙa juya iskar, da filashi, inda bod zai riƙa rubuta yawan zafin kowane minti don in riƙa dubawa. Baƙi uku, ƙofa ɗaya.

Na hau mota zuwa Dutse, na zaga shagunan masu kayan waya har na samu wani ɗan rarraba mai ramuka huɗu. Na fasa robarsa na ciro hanjin. Igiyoyi huɗu ne sirara kamar gashin masara: ja da baƙi su ke kai wuta, fari da kore su ke kai saƙo. Aikina shi ne in like su da dalma a bayan bod, a kan wasu ɗigo huɗu da ko tururuwa sai ta yi hankali kafin ta taka ɗaya ba ta taɓa ɗaya ba. Idona kuma ya riga ya tsufa. Na sa tabarauna bai isa ba, na ari na Ummanku na ɗora a kai. Kwana uku ina wannan fama. Ran farko na musanya fari da kore, bod ya yi shiru kamar an yi masa rasuwa. Rana ta biyu na sunkuya da yawa, sai na ji ƙaurin gashi, ashe gefen gemuna ne ya kwanta a kan ƙarfen narka dalma. Ummanku ta leƙo ta tambaya ko babbakar kan rago ake yi a zaure. Rana ta uku kafin azahar na soka filashi, ɗan haskensa ya ƙyafta, fanka ta juya, ma'auni ya nuna lamba. Na tashi tsaye ni kaɗai na yi hamdala da ƙarfi.

Sai na yi dabarar da a lokacin na ɗauka ita ce mafi kyau a cikin aikin duka. Na huda gefen firjin na jera ramukan nan huɗu a waje, don in zan cire filashi ba sai na buɗe ƙofa ɗumi ya fita ba. Na sa fenti na rubuta musu ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ma'auni a na ɗaya, fanka a na biyu, filashi a na uku. Na huɗu ya zauna fayau ba kowa, yana kallon duk mai shiga da fita.

Yanzu sai in gaya muku wani abu game da Baba Liman, yayana, wanda ƙananan cikinku suka taso suka tarar kullum yana zaurenmu, kuka ɗauka haka muke tun asali. Ba haka muke ba. Mahaifinmu malami ne, Yaya ya gaje shi a karatu da limanci, ni kuwa na bi ƙarfe da waya. Wannan kaɗai bai raba mu ba. Abin da ya raba mu lasifika ce. Ina saurayi na haɗa wa masallacin unguwa lasifika, aka ce ranar da Yaya zai fara wa'azi a gaban manya za a gwada ta. Yana tsakiyar magana a kan haƙurin Annabi Ayuba, na'urar ta kamo tashar rediyo, murya ta fito sama da tasa tana tallan maganin ciwon baya. Dattawa suka rufe baki da hannun riga. Yaya ya daure ya ƙarasa wa'azinsa, amma daga ranar ya daina kiran sunana, sai Injiniya, kuma yadda yake faɗin kalmar kun san ba yabo ba ne. Shekara talatin da ɗoriya gaisuwa ce kawai tsakaninmu, da suna, da jana'iza.

To ina cikin gwada injin ba ƙwai a ciki, aka yi wata iska da ruwa da ta kayar da turakun wuta tun daga bakin titi. Unguwa ta yi ɗif. Kwana biyu, uku, mako, wayoyin mutane duk suka mutu. Wurin da ake caji da janareta yana can kasuwa, in ka je ma layi ne. A duk layinmu wuri ɗaya ne ɗan haske ke ƙyaftawa, shi ne gefen firjina. Ummanku ce ta fara zuwa da wayarta a hannu.

"Alhaji, wancan ramin na ga ba kowa."

Na zaunar da ita na yi mata bayani mai tsawo. Na ce bod ƙaramin abu ne, wutar da yake iya bayarwa kaɗan ce, ɗora masa waya kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Na ce kada wanda ya kuskura ya taɓa ramukan nan, ko da ba na nan, musamman ma in ba na nan. Ta saurare ni har na gama.

"Na ji. Ba zan taɓa ba."

Washegari bayan azahar na ji sallama a ƙofar zaure da muryar da ta shekara talatin ba ta yi sallama a nan ba sai da dalili. Na miƙe da sauri har na ture gwangwanin kusoshi. Yaya ne, da rawaninsa da carbinsa. Na shimfiɗa masa buzu, muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa. Ya zaga firjin yana dubawa hannunsa a baya, ya ce ya ji labarin aikin ne ya ce bari ya zo ya sa albarka. Wallahi sai da idona ya yi ruwa. Can ya tsaya a gefen ramukan.

"Injiniya, wannan na ƙarshen me yake yi?"

"Na ajiya ne, Yaya."

Sai ya sa hannu a aljihun babbar riga ya zaro waya da cajarta a nannaɗe.

"Ka san jama'a. Wannan rasuwa, wancan suna, wani rikicin gado. A yi ta nemana ba a samu."

Duk bayanin jaki da raƙumi yana nan a bakina, jiya-jiya na gama rera shi. Na haɗiye shi, na karɓi wayar da hannu biyu na soka a rami na huɗu. Fanka ta ɗan rage gudu kamar ta yi tsaki, amma ta ci gaba. Da yake wutar kaɗan ce, wayar ba ta cika sai wajen la'asar, Yaya kuwa ba ya barin wayarsa a hannun kowa, sai ya zauna jira. Ran farko zaman ya yi mana nauyi, muka yi ta maimaita zancen damina. Rana ta biyu ya kawo zancen Innarmu da yadda take ɓoye ƙuli-ƙuli a cikin tukunyar da ta ce ta magani ce. Rana ta huɗu muna dariya har Ummanku ta leƙo ta ga ko lafiya. A cikin kwanakin nan ne ya gaya mini cewa agogon bangon mahaifinmu da na kwance ina yaro na kasa mayarwa, shi ya ce shi ya yar da shi, shi ya sha bulalar. Ni ban taɓa sani ba. Na ɗauka mahaifin namu bai lura ba ne. Na san sarai waya ce ke kawo Yaya, ba ni ba ne, amma ban damu ba. Kome ya kawo shi, yana zuwa.

Da na tabbatar injin yana riƙe zafi daidai, na ce a kawo ƙwai. Ummanku, duk da tsakinta, ta riga ta baza labari a gidajen unguwa cewa mijinta ya ƙera abin da zai kwanta a kan ƙwai ɗari biyu. Mata suka yi ta aiko da nasu a cikin ƙorai da dusa. Kowace ta yi wa nata alama, wata da gawayi, wata da lalle, wata da bula. Goggo Asabe, wadda ita ce uwar matan layin, tsohuwa mai bakin da ba a iya masa, da kanta ta kawo nata, ta tsaya tana kallon firjin sama da ƙasa.

"Hajiya, kin tabbata? Ni dai na san firji da sanyi."

"Na tsaya masa, Goggo," in ji Ummanku. "In bai yi ba ku kama ni."

Ƙwai na da kwana biyar a ciki aka kira mu tantancewar 'yan fansho a Dutse. Ba yadda zan yi in ƙi. Na duba komai da safe, na sake gargaɗin Ummanku, na tafi. Layin ranar ya yi tsawo, tsofaffi kowa da fayil a hammata, ban samu kaina ba sai bayan la'asar sosai. Na sauka a bakin titi na tako gida rana tana ja. Tun daga ƙofar gida hancina ya gaya mini, don zauren warin teburin mai shayi yake yi. Na taɓa jikin firjin na janye hannu. Igiyoyi uku duk suna soke, fitilu a kashe, amma lambar da ma'auni ke nunawa ta ninka abin da ake so, wai ma a haka saukowa take yi. Na buɗe ƙofa, turiri ya doke ni a fuska. Ummanku ta fito da ƙaramin kwano, ta ɗauki ɗaya daga cikin nata ta ƙwanƙwasa a baki. Bai zubo ba. Sai da ta girgiza ya faɗo a dunƙule.

Kafin magariba zaure ya cika da mata har waje. Ba wadda ta yi ihu, da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Kowace tana tsintar nata da alamarta tana hurawa don zafi. Goggo Asabe ta ɓare ɗaya, ta shinshina, ta dube ni.

"Alhaji, da ka gaya mana dafawa za a yi, ai da mun haɗo da yaji."

Wata daga baya ta tambaya ko akwai waɗanda suka tsira. Goggo ta ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Ina fa! Dafa duka ya yi."

Kun ji inda sunan ya fito.

Da safe na cire filashi na sa a kwamfuta. Bod ba ya ƙarya, duk minti ya rubuta. Tun safe zafi yana daidai. Jim kaɗan bayan azahar sai lamba ta koma sifiri, ta zauna a sifiri har bayan la'asar. Firji ba ya zama sifiri a Kiyawa da rana tsaka. Abu ɗaya ne ke jawo haka: an zare ma'aunin. Bod ya rasa idonsa, ya ɗauka ƙwai na cikin ƙanƙara, ya kunna fitilu biyu ya bar su sa'a uku da wani abu. A nan dole in faɗi nawa laifin. Ni ne ban rubuta masa cewa in ya daina gani ya kashe wuta ya jira ba, don ban taɓa kawowa a raina wani zai zare ba. Na fita zaure na sake duba ramukan da kyau. Ma'aunin da na soka da hannuna a rami na ɗaya, ga shi a na huɗu. Lissafin bai yi mini wuya ba. Waya ɗaya tana da raminta. Wanda ya zare ma'auni waya biyu ya zo da su. Ya duba ya ga fanka tana juyawa, filashi yana ƙyaftawa, sai wata farar igiya da ba ta motsi ba ta haske, ya ce wannan zaman banza take yi. Da ya gama ya mayar da ita, amma ya manta ramin. Na ce a raina ta ladan ce ta biyun, don tare suke yawo.

Ranar Yaya bai zo ba. Washegari ma bai zo ba. Rana ta uku na ɗauki filashin na sa a aljihu na tafi masallaci sallar azahar, raina a ɓace, na shirya maganata tsaf. Bayan an sallame na jira mutane suka ragu na matsa kusa da shi. Sai na ga ya rame a kwana uku. Bai ɗago ya dube ni ba, carbinsa yake ja, kuma na lura ƙwaya ɗaya yake ta murzawa ba ya wucewa.

"Na ji abin da ya faru," ya ce. "Sabo, ni..."

Sabo ya ce, ba Injiniya ba. Na dubi mutumin nan da unguwa take kawo wa ƙarar junanta, na tuna bakin Goggo Asabe, na auna irin sunan da za ta laƙaba wa limami. Na tuna agogo. Na tari numfashinsa.

"Injin ne ya yi kuskure, Yaya. Ni ne ban rubuta masa umarni daidai ba."

Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe. Rabin gaskiya na faɗa, kuma ya san na san ɗaya rabin.

"Allah ya mayar da alheri," ya ce a hankali.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Ɗan kwangilar nan da na ce ya jira ni, da na neme shi sai ya yi dariya ya ce shi burtsatse yake haƙawa, ba ya son ruwan zafi ya fito. Yara suna bi na da sunan a hanya, har wani abokin aikina ya bugo daga Dutse yana tambaya ko ina karɓar odar biki. Ummanku ta kama zabinta, waɗanda ta shekara da shekaru tana tarawa, ta bi gida-gida ta raba wa matan da suka yi asara, ta bar wa kanta uku kacal. Ni kuwa ta daina yi mini magana kai tsaye. Ku duk kuna makaranta ko gidajenku, daga ni sai ita a gidan, amma sai ta aje kwano ta dubi tsakar gida ta ce, "A gaya wa mai injin abinci ya sauka." Ni kuma in dubi turken akuya in ce, "A ce mata an gode." Wata guda muna haka.

Ban zauna ba. Na gyara umarnin bod, yanzu in ya daina gani sai ya kashe fitilu ya busa ham ɗin babur da na jona masa. Na ba ɗan rarraban wutarsa daban daga batir, ya daina tsotsar bod. Na rufe ramukan da murfin gwangwani na sa kwaɗo. Sannan na haɗa wani akwati daban, shi ma da ramuka huɗu, wanda ba ruwansa da ƙwai, na kafa shi a bangon zaure daidai inda ake shimfiɗa buzu. Na je na gaya wa Yaya cewa na yi sabon abu, ina so ya zo ya sa albarka. Ya zo. Sai dai akwatin ya fi ƙarfin abin da na so, kafin mu gama gaisawa waya ta kusa cika, ya fara naɗe caja. Da ya tafi na kwance akwatin na sauya igiyar ramin da yake amfani da shi da wata doguwa siririya, na nannaɗe ta a ciki. Washegari waya ta koma cika da la'asar.

"Abin naka yana tafiyar hawainiya," ya ce.

"Haka ya fi wa batirin waya lafiya, Yaya."

"To, ku ne masana."

Bayan wata biyu aka ɗaga turaku, wuta ta dawo. Na ce shi ke nan. Bayan azahar sai ga sallama, waya a hannu. Ya ce ya lura cajin gidana ya fi daɗewa a waya. Shekara shida yana zuwa, har ciwon da ya kwantar da shi, kuma ko sau ɗaya ba mu sake tada zancen ƙwai ba. Damina ta gaba injin ya ƙyanƙyashe 'yan zabi har sai da muka rasa inda za mu taka a tsakar gida. Goggo Asabe ta zo ta ƙirga nata ta same su cif, ta yi godiya, ta fita ta gaya wa mata cewa bana Dafaduka bai dafa ba.

Da na rubuta wannan labarin har nan, na ga bai kamata ku karanta kafin Ummanku ta ji ba, tunda ita ta fi kowa asara. Jiya da hantsi tana tsince shinkafa a inuwar darbejiya, na ja kujera na karanta mata tun daga farko. Ina zuwa wurin waya biyu na sassauta murya, ina satar kallonta, ina jiran ta saki faranti ta yi salati, ta ce ashe duk shekarun nan zaluntata aka yi. Ta ci gaba da tsintarta.

"Ka yi kuskure a wuri ɗaya," ta ce. "Ladan ba shi da waya a lokacin."

"To ta wa ce?"

Ta hure ƙaiƙayi daga farantin.

"Na kawo wa Yaya Malam ruwa, na ga tasa a soke. Na ce tawa ma ta fi kwana goma a mace, ga 'yarmu Hadiza tana kan gwiwa a Ringim ban ji ɗuriyarta ba. Ya ce in kawo."

Na cire tabarau na mayar.

"Hajiya! Ba na ce kada ki taɓa ba?"

"Ban taɓa ba. Miƙawa na yi."

Ta ce da yamman da abin ya faru, kafin in dawo, Yaya ya kira ta bakin zaure, ya ce ta yi shiru, shi zai ɗauka, kada aurenta ya samu matsala a kan ƙwai. Abin da ya fara gaya mini ke nan a masallaci na katse shi. Ita kuma da ta ga na ɗauka, ta ce namiji ne, wuyansa ya fi kauri, ta je ta biya nata kason da zabinta.

"To wata gudan da kika yi ba kya yi mini magana fa?"

"In na dube ka dariya ce ke zuwa mini, da rabin gemun nan. In na yi dariya kuma za ka gane."

Na aje takardun a cinya. Ita ta fara dariya, kafaɗunta suna rawa, ni ma na kama, muka yi ta yi har zabi suka firgita suka haye katanga. Can dariyar tata ta juye, ta sa gefen mayafi tana share ido, ta ce Allah ya jiƙan Yaya Malam, ya sa ya huta. Na ce amin. Ashe mu uku ne muka shekara shida kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, ni kaɗai ne nake yawo a gari ina ganin ba mai haƙuri sai ni.